Jinya a Legas: Kusoshin Ƙarfe, Yauƙin Ƙwayoyin Cuta da 'Yar Wutar Batir

Daga Zariya na tashi a motar dare, saboda Kawu ya bugo waya ya ce ƙafar ƙanina ta ƙi warkewa, ya kamata wani daga gida ya zo ya gani da idonsa. Mahaifiyarmu ta so ta biyo ni, muka ba ta haƙuri. Ni ne babba, kuma sana'ata ta haɗa sola da gyaran inbata tana iya jira. Na bar wa yarana shago na kama hanya.

Hanyar ba ta da wani labari sai gajiya. Kaduna, Abuja, Lakwaja inda aka tsaya sallah da cin abinci, Okene, sai daji da duhu har gari ya waye mana a wajen Badun. Mai shiga Legas ta mota, abin da zai fara shaida masa ya iso shi ne Kara: kana kan doguwar gada, ka leƙa ƙasa ka ga shanu har iya ganinka, da rumfunan leda, da mutanenmu da sanduna a kafaɗa suna ciniki tun da sassafe. Daga nan sai Berger, sai hayaniyar kwandastocin danfo, sai Agege.

Kawu ya tsufa a Zangon Agege yana sana'ar goro, yadda magabatansa suka yi. Goro ne ya fara kawo Hausawa wannan unguwa, kuma da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912 sai zama ya kafu sosai. Har yau idan ka shiga lungun su Kawu ƙamshin ganyen huhu ne zai fara tarbarka. 'Ya'yansa duk a nan aka haife su, suna juya Hausa da Yarbanci a numfashi guda. A wajensa ƙanina ya sauka da ya zo neman kuɗi, ya kama acaɓa. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, yaranmu da yawa suka turu zuwa gefen gari, hanyoyi suka ƙara cushewa. A nan wata mota ta kwashe shi. Ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya huda fata ya fito.

Da yamma Kawu ya kai ni asibitin. Ƙanina na kwance, ya rame, ya ce, "Yaya, sannu da hanya. Ya Inna?" Na amsa, amma idona na kan ƙafar. Likitoci ba su sa masa filasta ba. Wani firam na ƙarfe suka kafa masa daga waje, da kusoshi masu kaurin fensir da suka ratsa fata da nama suka shiga ƙashi, biyu a sama da karayar, biyu a ƙasa, sanda ta haɗa su. Na tsaya har nas ta zo wankin ciwo. Uku daga cikin kusoshin bakinsu a bushe yake, fes. Na huɗun, na can ƙasa kusa da idon sawu, fatar da ke kewaye da shi ta yi ja ta kumbura tana sheƙi. Da ta ɗaga audugar sai wani ruwa mai kauri, rawaya-rawaya, ya biyo jikin ƙarfen. Ta goge da ruwan gishiri, ta kankare ɓawon da ya daskare, ta ɗan taɓa kusar da yatsa. Kusar ta motsa. Ƙanina ya cije leɓe ya juya fuskarsa bango.

A ƙarƙashin gadon akwai wata baƙar leda. Da nas ta fita ya ce in duba. Cike take da fankon magani: Ampiclox, kafso ja da rawaya, wasu ƙwayoyin da ko sunansu ban iya karantawa ba. Duk wanda ya zo dubiya daga cikin abokan sana'arsa sai ya biya kemis ya sayo abin da ya taɓa yi masa aiki. Ƙauna ce ta sa su, ban da shakka. Ƙanina ya ce, "Idan na sha sai ruwan ya tsaya kwana kaɗan. Ina dainawa ya dawo." A masallacin unguwa kuwa kowa da fassararsa. Wani dattijo ya ce jifa ne. Wani ya ce maganin Legas duk jabu ne. Wani ya ce a kwance ƙarfen nan a kai shi wajen mai ɗori a gida.

Likitan da ke duba shi Bayarabe ne da ya yi bautar ƙasa a Arewa, yana jin Hausa daidai gwargwado. Da na nuna masa ledar ransa bai yi daɗi ba, amma bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, ƙwayar cutar ba a cikin jini take yawo ba, da magani ya same ta. A jikin ƙarfen ta zauna, ta lulluɓe kanta. Maganin yana kashe waɗanda suka fito, na ciki suna nan." Ya yi sauri zuwa gado na gaba, ni kuma maganar ta tsaya mini a rai.

Wadda ta warware mini ita 'yar Kawu ce, taubashiyata, mai karatun digiri na biyu kan ƙananan halittu a wata jami'a a nan Legas. Washegari da safe mai ruwa ya turo kurarsa ƙofar gida da jarkoki. Bayan ya juye, ta roƙe shi aron jarka ɗaya, ta ce, "Yaya, sa yatsanka ciki, ka shafa bangon." Na sa. Ruwan da aka juye garau yake, amma bangon jarkar santsi ne da shi, wani yauƙi mara launi da ya manne mini a yatsa. Ta ce, "To wannan ne a jikin kusar. Shi ne a haƙorinka kafin ka yi asuwaki, shi ne a cikin bututun famfo, shi ne a robar fitsari da ake sa wa marasa lafiya."

Biyofim ake ce masa a ɗakin gwaji. Ƙwayoyin bakteriya idan suka sami inda za su manne, sai su fara fitar da wani abu mai danƙo, haɗin sukari da furotin da ragowar ƙwayoyin gadonsu, su gina shi a kansu, su hayayyafa a ciki. Kamar tsohon birni ne mai ganuwa: akwai ƙofofi da lunguna da ruwa ke bi ya kai abinci, akwai na bakin ganuwa da ke shan wuya idan an kawo hari, akwai na can ƙurya da ba abin da ke isa gare su. Na ƙuryar, saboda ƙarancin iska da abinci, sukan rage motsin rayuwarsu har su zama kamar masu barci. Yawancin magungunanmu kuwa suna kama ƙwayar cuta ne a lokacin da take ci tana rabuwa. Wadda ta kwanta shiru, magani zai wuce ta kanta. An daina shan magani, ta farka, ruwan ciwo ya dawo. Abin da ƙanina ya faɗa da bakinsa ke nan, ba tare da ya san sunansa ba.

Abin ba sabo ba ne. A 1683 wani ɗan ƙasar Holan mai sayar da yadi, Antoni ban Lewenhuk, ya kankaro dattin haƙoransa ya duba a madubin ƙara girman abu da ya ƙera da hannunsa, ya ga halittu suna motsi. Ya kuskure baki da ruwan tsami mai ƙarfi, ya sake dubawa, ya lura na waje-waje ne kawai suka mutu. Sai a 1978 wani masani ɗan Kanada, Bil Kostaton, ya fito da bayanin a fili cewa haka mafi yawan bakteriya suke rayuwa, a manne cikin jama'a, ba ɗaiɗai suna iyo ba. Gwaje-gwaje sun nuna cewa kashe su a wannan hali kan buƙaci magani ninki ɗaruruwa, wani lokaci har dubu, na abin da zai kashe 'yan'uwansu masu yawo a ruwa. Ba jikin da zai ɗauki wannan adadi. Wani bincike a Amurka a 2008 ya duba naman gyambo guda 50, ya sami wannan yauƙi a 30. A sabbin raunuka 16 kuwa ɗaya tak aka samu. Baƙon abu a jiki yana ƙara dagula lissafi. Tun 1957 wasu likitoci a Landan suka nuna cewa zaren ɗinki guda a cikin fata yana rage yawan ƙwayoyin da ake buƙata don ciwo ya yi mugunya da kusan ninki dubu goma. To ina ga kusar ƙarfe da ta buɗe hanya daga iskar waje har cikin ɓargo.

Muna zaune a tabarma ta ƙara wata magana a taƙaice, ta ce ai akwai masu gwada kore shi da wutar lantarki 'yar kaɗan. Na ajiye kofin shayi. Wuta ita ce abincina. Na ce ta maimaita, ta ce gara in bi ta makaranta in gani, takardun suna kwamfutarta.

Da ɗan gari akan ci gari. Ta sa mini kuɗi a katin Cowry na biyan kuɗin sufuri muka hau jirgin ƙasa na Jan Layi, wanda ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo. Daga tashar Agege muka bi ta Ikeja, Oshodi, Mushin, muka sauka a Yaba. Tafiyar da danfo zai cinye maka rabin safiya, ga ta ta ƙare tun kafin zufa ta jiƙa riga. Ta taga ina kallon bayan gidaje, da tankunan ruwa baƙaƙe a kan kowane rufi, da kwatoci masu kore a baki. Tun da na sa yatsa a jarkar nan idona ya buɗe da ganin wuraren da yauƙin zai zauna.

A ɗakin gwajinsu ta ɗauko wasu ƙananan kwalabe na gilashi. Ta ce jiya ta shuka ƙwayar cuta a cikinsu da romon da suke ci. Ta zubar da romon, ta ɗauraye kwalaben da ruwa har suka yi kamar ba a taɓa amfani da su ba. Sannan ta ɗiga wani rini shuɗi mai duhu, ta jira, ta sake ɗaurayewa. Ta ɗaga ɗaya a hasken taga. A jikin gilashin, daidai inda saman romon ya tsaya, ga zobe nan shuɗi ya fito raɗau, ƙasan kwalbar ma ya rine. Wadda ba a shuka komai a cikinta ba ta fito fari tas. Gani ya kori ji. Ruwa ya wanke duk abin da ke yawo, abin da ya manne bai ko gezau ba.

Sai ta buɗe kwamfuta. A 1992, a Jami'ar Kalgari ta Kanada, Kostaton da abokan aikinsa suka shuka bakteriyar Pseudomonas aeruginosa a kan ƙarfe, suka zuba maganin kashe ta, suka kuma ratsa wuta mai rauni ta cikin ruwan. Maganin shi kaɗai bai yi wani abin kirki ba. Wutar ita kaɗai ma haka. Da aka haɗa su biyun sai ƙwayoyin suka mutu da yawan gaske. A 1994 suka maimaita da maganin tobramaisin, suka nuna cewa idan da wuta, adadin da ake buƙata yana saukowa kusa da wanda ke kashe ƙwayoyin da ba su da lulluɓi. Daga baya, a 2009, masu bincike a asibitin Mayo na Amurka suka nuna cewa idan aka bar wutar ta daɗe, kwanaki a jere, ita kaɗai ma tana rage ƙwayoyin sosai. Sun gwada a zomaye da aka sa wa ƙarfe mai cuta a ƙashi: 'yar wuta mai ƙarfin maikiro'amfiya 200 na kwana 21 ta fi allurar maganin doksisaikilin rage ƙwayoyin.

Wanda ya fi kama ni shi ne na Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan, domin shi ne hoton ƙafar ƙanina sak. Sun fara nuna cewa wuta kaɗan tana sa bakteriyar Staphylococcus epidermidis ta saki jikin ƙarfen tiyata. Dalilin mai sauƙin fahimta ne ga duk wanda ya san batir: fatar bakteriya cajinta na nagatib ne, idan ka mai da ƙarfen shi ma nagatib, sai su ture juna. A 2007 suka buga sakamakon gwaji a kan awaki tara. An kafa wa kowace akuya irin wannan firam a ƙafa, aka shafa ƙwayar cuta a bakin kusoshin, aka ba wata kusa maikiro'amfiya 100, aka bar wata haka. Bayan kwana 21, kashi 89 cikin ɗari na kusoshin da ba wuta sun kamu, masu wuta kuwa kashi 11. Wato takwas a nan, ɗaya a can. Rigakafi ne wannan, ba warkar da ciwon da ya riga ya kafu ba, kuma awaki tara ba su da yawa. Duk da haka tazarar ba ƙarama ba ce.

Na ɗauki biro na yi lissafin da na saba yi wa masu sayen sola. Maikiro'amfiya kashi ɗaya ne cikin miliyan na amfiya. Cajar waya ta gama-gari tana ba da amfiya ɗaya zuwa biyu, ke nan wutar da aka ba akuyar kashi ɗaya ce cikin dubu goma na ƙaramar caja. Mutum ba ya ma fara jin wuta a hannu sai ta kai wajen miliamfiya ɗaya, ninki goma na wannan. Batirin rediyo ɗan siriri mai kyau yana ɗauke da kusan miliamfiya-awa 2,000. Raba da miliamfiya 0.1, wato wutar akuyar, ka sami awa 20,000, fiye da shekara biyu. Ba janareta, ba inbata, ba jiran a kawo wuta. A ƙasar da kowace sabuwar na'urar asibiti ke zuwa da tambayar "ina wutar da za ta riƙe ta", wannan lissafi ya sa tsigar jikina ta tashi.

Na tambaye ta yadda wutar ke yin aikin, ta ce a nan masana suka rabu, kuma mai yiwuwa kowa na da rabon gaskiya. Da farko an ɗauka wutar tana tura maganin ne ya ratsa danƙon, tunda magunguna da yawa suna da caji. A 1999 masu bincike a Jami'ar Jihar Montana suka nuna cewa wani ɓangare na sirrin iskar oksijin ce: wuta tana fasa ruwa, oksijin ya fito, ƙwayoyin da suka kwanta don rashin iska su farfaɗo, magani ya same su a farke. A 2013 a wannan jami'a aka nuna wani abu kuma: idan ruwan na da gishiri daidai na jikin mutum, wutar tana mai da gishirin sinadarin haifokuloras, ɗan'uwan abin da ke cikin ruwan bilic, wanda fararen ƙwayoyin jininmu ma suke haɗawa don kashe cuta. Su kuma na Jami'ar Merilan, a 2015, sun riƙe ƙarfin wutar ƙasa da inda ruwa ke fashewa, suka haɗa wuta mai tafiya kai tsaye da mai kai da komo sau miliyan 10 a daƙiƙa, tare da ɗan maganin jentamaisin, suka ga yauƙin bakteriyar E. coli ya ragu duk da haka. Ke nan ba sinadari kaɗai ba ne. A wannan shekarar kuma wasu a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego suka gano cewa bakteriyar da ke cikin yauƙi su da kansu suna aika wa juna saƙo da wuta, ta hanyar sakin sinadarin fotasiyam, na ƙurya suna sanar da na baki cewa yunwa ta kama su. Wannan ya daɗe yana juya mini a kai. Ikon Allah, halittar da ido ba ya gani tana da nata layin sadarwa.

An ma fara kai abin ga bandeji. A Jami'ar Jihar Washinton an yi wani ƙyalle na zaren kabon da ake ba wuta kaɗan, yana fitar da sinadarin haidurojin feroksaid mai kashe ƙwayoyin cuta a hankali ba yankewa; a gwajin 2015 ya rage bakteriyar Acinetobacter baumannii, mai taurin kai ga magunguna, da kusan ninki dubu goma a kwana guda. A Jami'ar Jihar Ohayo kuma an yi nazarin wani yadi da aka ɗiga wa azurfa da zinki ɗigo-ɗigo. Ba waya, ba batir. Da ruwan ciwo ya jiƙa shi sai ɗigon biyu su zama ƙananan batura, su ba da wuta wajen bolt ɗaya. An gwada shi a raunukan aladu masu yauƙi, ya taimaka, kuma irin wannan bandeji yana kasuwa a Amurka.

A hanyar komawa muka sauka a Oshodi don ta sayi wani abu. A ƙarƙashin gada wani mutum ya tara jama'a da lasifika, yana manna wa wani dattijo wasu faci biyu a gwiwa, wata 'yar na'ura tana fizgar naman. Yana lissafa abin da take warkarwa: sanyin ƙashi, hawan jini, gyambo, ciwon suga. Raina ya ɓaci, domin na san wanda ya ji rabin labarin da na ji yau zai iya cewa ai ga shi nan ana sayarwa. Ba shi ba ne. Wancan abu ne da ake aunawa da maikiro'amfiya, a san wane ƙarfe, wane gefe ne nagatib, awa nawa. Juya wayoyin kawai ya isa ya mai da magani guba: ƙarfen da aka ba fozitib yana cinyewa, ya saki tsatsarsa da sinadaransa cikin nama. Wuta ta ɗan haura, fata ta ƙone. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kuwa ransa ake wasa da shi. Ni da nake kama waya kullum na fi kowa sanin cewa wuta ba ta da ƙarami idan ba a auna ta ba. Kada wani ya karanta wannan ya ɗauko batir ya nufi ƙafar ɗan'uwansa.

Na dai tunkari likitan da maganar, a tsaye a baranda. Ya saurara har na gama. Ya ce ya san da binciken, yana kuma fatan ya kai, amma mafi yawansa har yanzu a kwalba yake da jikin dabbobi, kuma ba zai jona wa majinyacinsa abin da ba a tabbatar da shi a jikin mutane ba. Abin da ke hannu yau shi ne na da: a cire kusar da ta saki, a kankare ramin, a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji a san wace ƙwaya ce da maganin da ke jin ta, a kafa sabuwar kusa a wuri mai lafiya. Ya ce, "Kuma ledar nan, Malam, ka taimake ni ka raba shi da ita." Na ga gaskiyarsa ta kowane gefe.

Amma ga abin da ya tsaya mini, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan. Babban binciken da aka buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi ƙamari shi ne namu, Afirka ta Yamma, da mutum 27.3 cikin kowane 100,000. Kowace leda irin ta ƙanina tana ƙara wa wannan wuta itace, domin ƙwayar da ta sha magani rabi-rabi ba ta mutu ba ita ce ke koyon jure masa. Mu ne masu acaɓa da karaya a buɗe, wadda kamuwarta da cuta kan kai kusan kashi 30 cikin ɗari idan ta yi muni. Mu ne masu gyambon ciwon suga da ke ƙarewa a yanke ƙafa. Kuma gwajin da aka yi a Holan bai buƙaci abin da ya fi ƙarfinmu ba: awaki, likitan dabbobi, likitan ƙashi, mai nazarin ƙwayoyin cuta, da wanda ya iya haɗa da'irar da za ta riƙe wuta daidai ba hawa ba sauka. A Zariya kaɗai akwai tsangayar likitan dabbobi da ta injiniya da asibitin koyarwa a jami'a guda. Ban ga dalilin da zai sa mu zauna jiran wasu su gama, su sa a kwali, su sayar mana da dala ba.

Na faɗa wa Kawu haka da daddare muna cin tuwo. Ya ce, "Kai da ƙanwarka ku fara da abin da ke hannunku mana." Washegari na shiga kasuwar Computer Village a Ikeja, na ratsa masu jan riga suna tambayar ko waya zan sayar, na sami layin masu kayan gyara. Na sayi 'yar ƙwayar LM334, wadda aikinta ke nan riƙe wuta daidai, da resisto, da gidan batir, da ƙaramin allo. A kan teburin goron Kawu na yi walda. Na jona mita ta nuna maikiro'amfiya 100, na canza nauyin da ke bakin wayar, allurar lissafin ba ta motsa ba. Na liƙa takarda a jiki na rubuta adadin, da gefen da yake nagatib, da cewa na kwalba ne ba na jikin mutum ba. 'Yar Kawu ta kai wa malaminta. Ya ce sai an auna ta da mitar sashensu tukuna, idan ta yi daidai za ta iya gwadawa a kan gutsattsarin ƙarfen tiyata a cikin kwalba, a matsayin wani babi na aikinta.

An shiga da ƙanina tiyata aka cire kusar. Likitan ya nuna mini ita a cikin faranti: wajen zaren dunƙulenta ya yi dusu-dusu da wani abu mai kama da majina. Sakamakon gwaji ya fito bakteriyar Staphylococcus aureus ce, kuma daga magungunan da ke cikin ledar ba wanda ke jin ta sosai. Aka rubuta masa wanda ya dace, da adadin kwanakin da zai sha ba tsallake. Kafin in taho kumburin ya saɓe, bakin sabuwar kusar a bushe, ya fara taka sanda zuwa bakin ƙofa ya dawo. Na tara abokan sana'arsa a masallaci bayan isha'i na yi musu godiya, na roƙe su duk mai son taimaka masa ya kawo abinci ko kuɗin mota, ya bar maganar kemis. Sun karɓa da kyau, har ɗayansu ya ce shi ma akwai ɗan ɗakinsu a Mile 12 da ciwonsa ke tsiyaya haka, zai kai shi a ɗebi ruwan a gwada.

Ƙashin bai gama haɗewa ba, firam ɗin zai ƙara watanni a ƙafarsa. Likita ya ba shi ranar komawa ɗaukar hoto, Kawu ya ce shi zai raka shi, ni kuma na hau motar Zariya daga Agege.